Kafin ki sayar da saƙar gugguru, ki iya lissafinta

1/
Jama'a, yau a kan saƙar kwarashi zan yi magana, kuma zaren zai yi tsawo, ku gyara zama. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk wadda ta koyi saƙa mai tudu-tudu, irin su gugguru, ba ta koyi lissafinta ba, to rabin sana'ar kawai ta koya. Kaya za su yi kyau, a yi ta yabo, amma aljihunta ne zai ji jiki.

2/
Abin da ya sa na ɗauko maganar, hunturu na matsowa, oda ta fara shigowa. Ko ina ka leƙa a WhatsApp da Instagram shawul ɗin jarirai ne, huluna, jakunkuna, rigar filo. Aiki mai kyau wallahi. Sai ka duba farashin da wasu ke sawa, ka ga da ƙyar ya fitar da kuɗin zare. To ina ladan hannu?

3/
Da yawa cikinmu 'yan jami'a a yajin aikin 2022 muka kama kwarashi, wata takwas cur muna zaune a gida. YouTube da TikTok ne malamanmu, kuma ba na raina su. Sai dai bidiyon minti ɗaya yatsu yake nuna miki. Ba ya gaya miki giram nawa na zare zai tafi, ko awa nawa za ki zauna.

4/
Bari mu daidaita sunaye tukuna, don mu fahimci juna. Ramin da ake soka kwarashi a ciki zan ce masa gida. Zaren da ke rataye a wuyan kwarashi zan ce masa zarge. Sarƙa kowa ya san ta, ita ce farkon komai. Sai ɗinki biyu da komai ke tsaye a kansu: gajere da dogo.

5/
Gajere: ki soka, ki jawo zare, zarge ya zama 2, ki naɗa ki jawo ta cikinsu duka. Dogo: ki naɗa zare tukuna, ki soka, ki jawo, zarge ya zama 3. Ki naɗa ki jawo ta cikin biyu, saura 2. Ki sake naɗawa ki jawo ta cikin biyu, saura 1. In waɗannan ba su zauna a hannu ba, gugguru ya jira.

6/
A nan akwai tarko. Abin da na kira dogo, 'yar Amurka dobul take ce masa, 'yar Ingila kuma tirebul. Abin da na kira gajere, a Amurka singil ne, a Ingila dobul. Kin ga kalma ɗaya, ɗinki biyu daban. Kafin ki bi kowace malama ki gano ta wace ƙasa take ƙirga. In kin ji ta ce singil, ta Amurka ce.

7/
Yanzu ga masu tudun. Guda uku ne aka fi yi, kuma mutane na cakuɗa su kamar abu ɗaya ne. Turawa na ce musu fofkon, bobul da fof. Ni gugguru, ƙullutu da kumburi nake ce musu. Daga nesa suna kama. A hannu kuwa kowanne da yadda ake yin sa, da inda yake fitowa, da yawan zaren da yake ci.

8/
Gugguru. Ki yi dogo 5 cikakku a gida ɗaya. Ki zare kwarashin daga zargen ƙarshe, ki bar shi a sake. Ki soka kwarashin a kan dogo na farko, ki kamo zargen nan da kika bari, ki jawo shi ta ciki. Dogayen biyar za su naɗe su tsuke baki. Shi ke nan, ya tashi.

9/
Daɗin gugguru shi ne ke ce mai zaɓen inda zai fito. In kin soka a kan dogo na farko daga gaba zuwa baya, tudun zai fito ta wajenki. In daga baya kika soko zuwa gaba, zai fita can ɗaya fuskar. Saboda haka ko a wane layi kike, kina iya ajiye shi a fuskar aiki.

10/
Ƙullutu. Shi ma dogo 5 ne a gida ɗaya, amma ba a ƙarasa ko ɗaya. Ki naɗa, ki soka, ki jawo, ki naɗa ki jawo ta cikin biyu, ki tsaya. Zarge 2. Ki maimaita: 3, 4, 5, 6. Da kin ga 6 a wuyan kwarashi, ki naɗa ki jawo ta cikinsu gaba ɗaya. In 5 kika gani, saura ɗaya, kar ki rufe.

11/
Shi ƙullutu bayan aiki yake son fita, nesa da ke. Shi ya sa ake yin sa a layin da bayan saƙar ke kallonki, don ya ɓullo ta fuska. Kuma sai an yi masa gajere a gaba da baya. Gajeren nan ne ke danne shi ya turo waje. Ki kewaye shi da dogo ki gani, zai kwanta shame-shame.

12/
Kumburi. Ki naɗa, ki soka, ki jawo zare ki ɗaga shi sama, ba tare da kin cire komai ba. Kowane zagaye zarge 2 yake ƙarawa. Kin fara da 1, sai 3, 5, 7, 9, 11. Sau uku 7 ke nan, sau huɗu 9, sau biyar 11. Ki naɗa ki jawo ta cikinsu duka, ki kulle da sarƙa ɗaya.

13/
Sirrin kumburi ɗaya ne: duk zargen su zama tsawo ɗaya, kuma a sake. In ɗaya ya fi 'yan uwansa, zai leƙo kamar kunnen jaka. In kin matse su, kwarashi ba zai wuce ba, sai ki yi ta kokawa zare na tsagewa. Ki juya bakin kwarashin ya kalli ƙasa lokacin jawowa, zai zame sumul.

14/
Kun lura duk bayanin nan lambobi ne? 5, 6, 7, 9, 11. Ban ce "ki yi ta yi har ya yi kyau" ba. Mai bin bidiyo da ido kawai, yau ƙullutunta na dogo 5 ne, anjima hira ta yi daɗi ya koma na 4. Ita ba za ta gani ba tana kai. Sai an shimfiɗa shawul a gado, wasu manya wasu ƙanana.

15/
Ga inda aka fi faɗawa. Wasu na ƙara sarƙa ɗaya bayan gugguru don ya kulle. Babu laifi. Amma da aka dawo layi na gaba, sai a soka a kan guggurun, a kuma soka a sarƙar. Gida ɗaya ya haifi biyu. Gugguru 10 a layi, gida 10 sun ƙaru. Layi uku kacal, gefen ya fara lanƙwashewa kamar ganyen latas.

16/
Wannan lanƙwasar ma ilimi ce mai zaman kanta. A 1997 wata masaniyar lissafi 'yar ƙasar Latbiya, Daina Taimina, a jami'ar Cornell ta Amurka, ta yi amfani da kwarashi ta fito da wata siffa ta lissafi da aka daɗe ana shan wahalar nuna wa ɗalibai. Dabararta: ƙara gida ɗaya bayan kowane adadi tsayayye.

17/
Ita da gangan ta yi, kuma ta san adadin. Mai shawul kuwa ba ta san ta ƙara ba, sai ta ɗora wa zare laifi, ko ta ce hannunta ne ba kyau. Hannunki lafiya lau yake, 'yar uwa. Ki ƙirga gidajenki a ƙarshen kowane layi. Kin fara da 43, ki gama da 43. Minti ɗaya ne, ya fi warwarar aikin kwana biyu.

18/
Me ya sa na ce 43? Don jera gugguru ma lissafi ne. In kina son ɗaya a kowane gida na huɗu, gidajenki su zama ninkin 4 a ƙara 3. Dogo 3, gugguru, dogo 3, gugguru, har ƙarshe. A gida 43 za su zauna a na 4, 8, 12, har 40. Guda 10, gefe da gefe daidai wa daida.

19/
In kina son su saɓa, su ba da zanen lu'u-lu'u, sai ki yi layi ɗaya na dogo zalla, a na gaba ki matsa da gida 2. Su zauna a na 6, 10, 14, har 38. Guda 9. Layi mai 10, layi mai 9, haka har sama. Wadda ta gane wannan ba ta jiran kowa ya ɗora bidiyo. Ita ke zana abinta.

20/
To mu zo kan zare, inda kuɗi ke zurarewa. Layi mai gida 40 na dogo zalla, zaren dogo 40 zai ci. Ki mai da 10 daga ciki gugguru: 30 na nan yadda suke, 10 ɗin nan kowanne 5 ne, 50 ke nan. Jimla 80. Faɗin layin bai ƙaru ba, tsawonsa bai ƙaru ba, amma zaren ya ninka.

21/
Ko da kina saɓawa, layi ɗaya mai gugguru ɗaya marar shi, 80 da 40 ne, 120, maimakon 80. Wato zare ɗaya da rabi. In shawul na dogo zalla yana cin dunƙule 6, irin wannan zai nemi 9. Wadda ta ba kwastoma farashin 6 ta saƙa na 9, daga uwar kuɗinta ta cike ukun nan.

22/
Maganin abu ne mai sauƙi, amma ƙiwa ke hana mu. Ki saƙa ɗan gwaji, santimita 10 a faɗi, 10 a tsawo, da zaren da kwarashin da za ki yi aikin da su, da irin jerin da kika zaɓa. Ki kunna agogon waya kina farawa, ki kashe kina gamawa. Ki ɗora shi a ƙaramin sikelin kicin, irin na masu kek.

23/
Misali, kuma lambobin misali ne, ke ki sa naki. Shawul mai santimita 80 da 100, ɗan gwajin nan sau 80 ke nan. A ce gwajin ya yi giram 6: giram 480. In dunƙulenki mai giram 50 ne, 10 kike buƙata. Ki ƙara 1 saboda gefe da abin da ba a rasa ba. 11, tun kafin ki je kasuwa kin sani.

24/
Kuma ki saye su rana ɗaya, a shago ɗaya. Zare mai takarda a jiki yakan zo da lambar rini. Kala ɗaya ce, amma in ba tukunya ɗaya aka rina su ba sukan ɗan bambanta. A cikin shago ba za ki gani ba. Sai an fito da shawul rana ranar suna, a ga rabi ya fi rabi haske.

25/
Sai lokaci. A ce gwajin ya ɗauke ki minti 20. Sau 80, minti 1,600, wato awa 26 da minti 40. Ki ƙara gefe, ki ƙara ɓoye bakin zare, ki ce awa 30. Ga ɗaliba mai lakca da gwaji da karatun dare, in awa biyu take samu a rana, kwana 15 ke nan. Ba aikin "zuwa jibi" ba ne.

26/
Nawa ne awa ɗaya ta mutum? Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne a wata. Ki raba da awa 8 a kwana 22, awa 176, zai ba ki kusan naira 400 a awa. Wannan fa shi ne ƙasan ƙasa, na wanda bai koyi komai ba. Awa 30 a haka, naira 12,000.

27/
Mu haɗa. A ce dunƙule naira 1,500 ne: 11 sun kama 16,500. Kuɗin mota, leda, data, a ce 1,500. Ladan hannu 12,000. Jimla 30,000, kuma riba ba ta shigo ba tukuna. In kin sayar 20,000, abin da ya rage miki 2,000 ne a kan awa 30. Naira 67 a awa. Tsakani da Allah, wannan sana'a ce ko sadaka?

28/
In sadaka kika yi niyya, ko kyauta ga 'yar yayarki, madalla, Allah ya ba da lada. Abin da nake ƙi shi ne sadakar da mai yin ta ba ta san tana yi ba. Kuma ba ita kaɗai take cuta ba. Gobe kwastoma za ta je wa wata da hoton ta ce, "Ai wance 20,000 ta yi min." Farashin kowa ya karye.

29/
Na san abin da za a ce: "Wa zai sayi shawul 30,000, ga na gwanjo, ga na kanti da araha?" Gaskiya ne, kuma ba na zargin mai saye, kowa ya san halin da ake ciki. In ɗumi kawai ake nema, gwanjo ya fi mu sauƙi, ba za mu taɓa kamo shi ba. Don haka kar ma mu shiga wannan tseren.

30/
Abin da muke da shi daban ne. Saƙar tsinke biyu, irin ta rigar sanyi, tun 1589 wani Bature a Ingila, William Lee, ya ƙera mata inji. Saboda ita zargenta a jere suke, layi guda, suna jiran allura. Shi ya sa rigar sanyi ke fitowa daga masana'anta dubu-dubu, har ta iso mana a dila.

31/
Kwarashi kuwa ɗinki ɗaya ake gamawa kafin a shiga na gaba, kuma ana soka shi ko ta ina: gaba, baya, ƙasa, gefe. A gugguru ma sai an zare shi an mayar. Har yau masana'antu ba sa fitar da irin wannan da inji. In kin ga gugguru na gaske a jikin kaya, wani ɗan Adam ne ya zauna ya yi shi ɗaya bayan ɗaya.

32/
Kuma mutanenmu sun san darajar aikin hannu, ba baƙon abu ba ne. Wanda ke musu ya je sayen hula. Ta inji da ta hannu ba kuɗinsu ɗaya ba, mai saye ma juya ta yake ya duba ciki. Haka aikin babbar riga, aska biyu da aska takwas kowacce da kuɗinta. Mai ɗinkin ya san kwanakin da zai yi, da su yake yanka farashi.

33/
Samarin da ke min dariya a ƙasa kuna cewa aikin tsofaffi mata ne, ku ma ku zo. A ƙasar Hausa maza ne masaƙan saƙi, maza ne ke zama a zaure suna aikin riga. Kwarashi ɗaya da zare dunƙule biyu ne jarin. Ba ya son wuta, ba ya son janareta, a aljihun jaka yake kwana.

34/
Can ƙasar Ayalan ma, lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, leshin kwarashi na cikin abin da aka koya wa mata da yara don su samu na abinci, ana fitar da shi ƙasashen waje. Abin da ya yi masa suna furanni ne da ganyaye masu tudu, da wani ƙulli da ake kira da sunan garin Clones. Tudun ne adon.

35/
To in kwastoma ba za ta iya 30,000 ba fa? A nan lissafin ke cetonki. Wadda ba ta iya shi ba farashi take ragewa. Wadda ta iya, gugguru take ragewa. Ki yi jikin shawul da dogo zalla, mai sauri, marar cin zare. Ki ajiye guggurun a gefe, layi biyu ko uku. Ido ai gefe yake fara kamawa.

36/
Ko ki rubuta sunan jaririn da ƙullutu a tsakiya. Ki samu takardar lissafi mai gida-gida, kowane gida ɗinki ɗaya. Harafi ɗaya gida 5 a faɗi, 7 a tsawo, ya isa. Inda kika cike da biro ƙullutu, sauran gajere, kuma tsakanin layin ƙullutu da wani ki sa layin gajere zalla. Wannan babu shi a dilar gwanjo.

37/
Hattara dai: tunda a layin baya ake ƙullutu, mai saƙa da dama daga hagu zuwa dama za ta karanta takardar a layukan nan. In an juya, harafin zai fito a birkice kamar a madubi. A, H da M ba za su tona asiri ba, don ko ta ina ɗaya suke. S, F da Z su ne ba sa rufa wa kowa.

38/
Ga yadda ciniki ke tafiya in kin san lambobinki.
"Haba 'yata, zare ne fa kawai."
"Haka ne Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wannan mai cike ɗin dunƙule 11 yake ci, mako biyu nake kansa. Akwai mai ado a gefe, dunƙule 7, kwana takwas. Wanne za a yi wa jikan namu?"
Ba rantsuwa, ba ɓacin rai. Ta zaɓa.

39/
Wani zai ce, "Iyayenmu da suka yi ta saƙa marfin kwano da shimfiɗar tebur, wane sikeli suka yi?" Ai suna lissafi, a ka yake. Tambayi duk gwaggon da ta daɗe a sana'ar, za ta ce miki hular jariri kaza, rigar sanyi kaza, ba ta duba komai ba. Shekaru ne suka ba ta. Mu da ba mu da shekarun, sai mu ari sikeli da biro.

40/
Lissafin har da yanayin garinmu. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, akirilik ne, zaren roba. Gugguru a zaren roba kauri ne a kan kauri. Daga Disamba zuwa Janairu, ko a Jos, lafiya lau. A Kano ko Sakkwato a watan Afrilu kuwa azaba ce. Lokacin zafi ki koma jaka, rigar filo, ko zaren auduga.

41/
Kuma ki gaya wa mai saye kar a ɗora masa dutsen guga. Zaren roba in ya ji zafi laushi yake ya mutu, tudun ya kwanta, ba ya sake tashi har abada. Wanki da hannu, ruwa marar zafi, kar a murɗe, a shimfiɗa shi a kwance ya bushe. In an rataye shi a igiya da ruwa a jiki, nauyin zai ja shi ya miƙe.

42/
Kayan jarirai kuma, ni gugguru ko ƙullutu nake zaɓa a kan kumburi. Kumburi dogayen zare ne a sake, ɗan yatsa ko farce na iya shiga. Ban da duwatsun ado da maɓallin da zai iya cirewa ya tafi baki. Shawul mai kauri kuma na fita unguwa ne, kar a lulluɓe fuskar jariri da shi yana barci.

43/
In kina son ki huta da rigimar singil da dobul gaba ɗaya, ki koyi karanta zane. Sarƙa ɗan ƙwai ne, gajere alamar X ko +, dogo harafin T da sanda ɗaya a gicce. Littattafan saƙa na Japan da zane suke aiki, shi ya sa wadda ba ta jin kalma ɗaya ta yarensu ke bin su. Hoto ɗaya ne, ba ya cin data.

44/
Ga aikin mako ga mai so. Gida 23. Layin farko dogo zalla. Na biyu gugguru a 4, 8, 12, 16, 20. Na uku dogo zalla. Na huɗu a 6, 10, 14, 18. Ki maimaita har ya kai tafin hannu. Kowane layi ki ƙirga, 23. Sannan ki yi wani daidai girmansa da dogo zalla. Ki auna nauyin kowanne, ki rubuta mintocinsa.

45/
Ki samu ɗan littafi na musamman. Sunan zare, lambar kwarashi ko milimita 3 ne ko 4, irin ɗinki, giram, minti. Duk sabon ɗinkin da kika koya ya samu shafinsa. Kafin ƙarshen zangon karatu, in an turo miki hoto an ce "nawa za ki yi wannan?", ba za ki ce "kawo abin da ya sauwaƙa" ba.

46/
Saƙa mai tudu ita ce ke ɗaga aikinmu daga na kowa, kuma ita ce ta fi cin zare da lokaci. Shi ya sa nake cewa a koye ta da biro a gefe, don kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wadda ta yi gwajin ta ajiye min lambobinta a ƙasa mu kwatanta, ku kuma tura wa ƙawar da kuka san tana karya wa kanta farashi. Allah ya sa wa sana'armu albarka.